Orvin Walƙiya da Kwamfutar Goggo Alvina

Idan ka shigo Ringdal ta wajen rumbunan alkama, ka ga wata tsohuwar akori-kura shuɗiya tana tafiya kamar an ɗora mata tiren ƙwai a rufi, motoci sun jeru a bayanta ba mai yin ham, to Orvin Lindseth ke nan, ɗan goggona. Ba a yi masa ham, domin duk wanda ke cikin layin akwai abin da Orvin ya taɓa gyara masa, kuma ya san zai sake nemansa.

Ni na sa masa Walƙiya tun muna yara, sunan kuma ya bi shi har coci. Tare aka yi cikinmu, amma har na fara haƙori bai fito ba. Goggo Alvina, uwarsa, yayar mahaifina, ta ce ƙarya nake yi. Ni dai abin da na sani, likitan da ya fara jiran haihuwarsa ba shi ne ya karɓe shi ba. A makaranta ma haka. Ni na bar karatu da wuri, da na lura malamai sun fara maimaita abin da na riga na manta. Shi kuwa ya zauna ya gama, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Neman aurensa kuwa, sai da Lavonne, matarsa a yanzu, ta gaji da kallonsa yana juya hula a hannu, ta yi tambayar da kanta, ta kuma ba da amsar.

A garejin mahaifinsa, marigayi Arne, ya koyi gyaran tarakta da injin girbi. Hanyar aikinsa guda ce tun a lokacin: ya ɗora tafin hannu a jikin inji ya yi shiru, sannan ya canza abu ɗaya, ya tayar, ya saurara. Ba ya taɓa abu na biyu sai na farko ya gama faɗa masa gaskiya. Na sha zama a kan tulin taya ina kallonsa har gemuna ya tsiro. Amma abin da ya fita daga garejin nan ba ya dawowa da ciwo iri ɗaya, wannan duk Dakota ta Arewa an shaida, har da wani yanki na Kanada.

Da injinan girbi suka fara zuwa da kwamfuta a cikinsu, sauran makanikai suka yi ta zagi. Orvin ya sayi wata tsohuwa a gwanjon makaranta, ya warware ta a kan bencinsa duk tsawon hunturu, ya mayar. Daga nan mutane suka fara kawo masa nasu, a bayan mota, tare da buhun abincin kaji. Yanzu a garejin, hagu tarakta ce, dama akwatunan kwamfuta ne a jere kamar masu jiran ganin likita.

Amma gyaran da nake so in ba ku labarinsa ba na baƙo ba ne.

Arne ya rasu da kaka, bayan an gama girbi, domin shi ma ba mai barin aiki a rabi ba ne. Goggo ta rage ita kaɗai a gidan gona. 'Yarta Renae, yayar Orvin, tana can Phoenix inda ba su san dusar ƙanƙara ba sai a katin Kirsimeti. Ta so ta ɗauke uwar tun ranar jana'iza. Goggo ta ce a gidan nan aka kawo ta amarya, daga gidan nan za a fitar da ita, kuma ba da ƙafarta ba. Aka daidaita a kan sharaɗi: duk Lahadi bayan coci za su yi kiran bidiyo, kuma Goggo za ta riƙa odar magungunanta da ganin likita ta kwamfuta, tunda asibiti da nisa. Muddin tana iya wannan, ba mai taɓa ta.

Da farko lafiya lau. Sanyi na kankama, sai Goggo ta fara makara. Renae ta zauna gaban allo a Phoenix tana jira, uwar ba ta bayyana ba sai kofi ya huce. Wata Lahadin ma ba ta bayyana ba sam. Maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa ba ta yi oda ba. Likita ya jira ta a allo har ya tafi cin abinci.

Ina garejin ranar da Renae ta bugo, Orvin ya sa wayar a kan benci kowa na ji.

"Orvin, Mama ta fara rikicewa. Tun rasuwar Baba ba ta dawo daidai ba."

"Ta ce kwamfutar ce ke nawa, Yaya."

"Kowace tsohuwa haka take cewa. Na samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Fargo, mai taga wajen lambu. Za su riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata."

Na sa baki na ce, "Yaya Renae, shekaranjiya fa Goggo ta tuna mini da kwanon da ban mayar mata ba tun bikin Orvin."

"Delmer, da kai ake magana?"

"A'a, ranki ya daɗe."

Orvin ya daɗe yana kallon wayar, har na ɗauka layi ya yanke. Sannan ya ce, "Bari in duba na'urar tukuna."

To, akwai doka a gidan Goggo da ta girmi dokar jiha: namiji ba ya shiga ɗakin ɗinki. Arne ya rayu ya mutu bai wuce bakin ƙofar ba, saboda wani ɗigon baƙin mai da ya taɓa sauka a kan farin yadi tun kafin a haife mu. Kwamfutar kuwa a ɗakin take, ƙarƙashin teburin ɗinki. Don haka da muka je, mun tarar Goggo ta zare wayoyin da kanta, kowace ta ɗaura mata zare mai launi daban don kada ta ɓata, ta turo akwatin har bakin ƙofar kicin a kan tabarmar goge ƙafa.

"Me take yi, Mama?"

"Ba ta yin komai, shi ne matsalar. In na danna, sai ta tsaya tana tunani. Jerin abubuwan nan da ke fitowa, saukowa yake kamar zuma a watan Janairu. In na ce ta buɗe wurin kiran Renae, sai zoben nan ya yi ta juyawa har in gama saƙa safa."

Na ce, "Goggo, to ai ɗanki ta biyo. Jini ba ya ɓuya."

"Ci lefsenka ka yi mini shiru," in ji ta, ta turo mini farantin wainar dankalin.

A gareji Orvin ya jona ta, ya fara da manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna. Ashe cike take da 'yan cin arziki, irin mutanen da ba ka gani a coci sai ranar da mata suka yi girki. Wasannin da jikoki suka zuba da bazara, wata mai faɗin yanayin garin da ba mu taɓa zuwa ba, wata mai tallan rangwame, wata da ta rantse ita ce mai sa kwamfuta sauri. Ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, kowace ya kashe sai ya sake kunnawa ya gani. Ya duba ma'ajiya, ya tarar hotunan barguna sun cika ta har wuya, domin Goggo ba ta taɓa ganin bargo a intanet ta bar shi ya wuce ba. Ya kwashe su zuwa wani faifai na waje. Ya sa aka bincika ko akwai cuta, babu. Na'ura ta miƙe tana gudu kamar ɗan maraƙi da aka buɗe wa garke.

Muka mayar, muka ajiye a bakin ƙofar kicin, Goggo ta ja abarta ciki.

Lahadi ta zo, Renae ta jira har ta gaji.

Muka sake ɗaukowa. Wannan karon ya cire tsohon faifan mai juyawa ya sa sabo, irin wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Ya bar ta a kunne yini guda a garejin, yana buɗe abubuwa yana rufewa, ni ina gefe cikin riguna uku, domin garejin Orvin da hunturu ko nama ka rataya ba ya lalacewa sai bazara. Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ka danna, ta buɗe kafin yatsanka ya ɗago.

Muka mayar. Lahadi ta zo, abin ya maimaita.

Da Renae ta bugo ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi muni.

"Kai da bakinka ka ce na'urar lafiyarta ƙalau."

"Haka na ce."

"To in na'ura lafiya, saura wa? Orvin, ba don ba na son ta ba ne. Ina nan nesa, in ta faɗi ko ta manta magani, sai dai in ji a waya. Lahadin nan ce ta ƙarshe kafin su ba wani ɗakin."

Gaskiyarta, ba wanda zai ce ba ta da hujja. Kuma gyaran Orvin ne da kansa ya zama shaida a kan uwarsa. Na ga ya zauna a kan bokiti ya zura wa akwatunan mutane ido. Ko tsokana ban iya yi ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da na yi ƙyanda.

Can ya ce, "Del, a gareji na yi ta tambayarta. Ba a gareji take ciwo ba."

Ranar Asabar ya yi wanka irin na ango, ya kankare farce da buroshi har suka yi ja, ya sa sabuwar safa. Na bi shi, domin ba kullum ake kafa tarihi a Ringdal ba. Tun da safe ya buga wa uwar waya ya ce ta yi duk yadda take yi ran Lahadi.

"Ai ba wani abu nake yi ba," in ji Goggo da muka iso da azahar. "Kafin in tafi coci nake kunna ta, ta ɗan yi ɗumi kamar mota. Wa ke tayar da inji cikin sanyin nan ya ce ya kama gudu nan take?"

"Da safen tana nawa?"

"Da safe ba laifi. In na dawo ne take zama ubanka ranar da aka ce a je sayen labule."

Orvin ya juya hularsa a hannu. "Mama, ina so in shiga ɗakin."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce ya miƙo hannu, ta duba gaba da baya. Sannan ta dube ni.

"Wannan kuma fa?"

"Shaida ne."

"Ya sa hannu a aljihu, kada ya fitar."

Muka shiga. Ban san me na zata zan gani ba, amma dai ɗaki ne, da ɗumi kamar cikin burodi, ko'ina yadi. A gidan Goggo ba abin da ke zama tsirara. Injin gasa burodi da rigarsa, butar shayi da hularta, kwalin tishu da siket, keken ɗinki da alkyabba. Ko kare ya daɗe a kwance wuri ɗaya sai ya tashi da riga. Mun saba, har ba ma gani.

Ta zauna ta kama linzamin kwamfutar, hannunta ko rawa babu, ta kai kibiya daidai inda ya kamata ta danna. Muka jira. Na ƙirga furannin labule, na koma na ƙirga ganyen. Jerin ya fara saukowa rabi, ya tsaya hutawa. Ta danna wurin kiran, zobe ya kama juyi.

"Ka gani?" ta ce, ba ta dubi ɗanta ba. "Na san abin da yayarka take zato. Wani lokacin ni ma sai in ce ko ni ce."

Orvin ya karkata kai yana saurare. Akwai wani ɗan kuka siriri daga ƙarƙashin teburin, kamar sauro a cikin matashi. Ya durƙusa, ya ɗaga labulen teburin, ya zura hannu yadda yake yi wa tarakta. Sai na ga bayansa ya ƙame.

Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga akwatin kwamfuta nan sanye da riga. Ba ƙaramar riga ba: ɗinkin haɗe-haɗe mai auduga ninki biyu a ciki, da shafi na ulu, an yanka ta daidai jiki, ta rufe gaba da baya da gefe, an bar 'yan ramuka na wayoyi kawai, kowane an daje bakinsa da zare. Ga zik a baya, wanda take zugewa ta tuɓe mata duk ranar da za a kai ta garejin mai maiƙo. Zafin da ke fitowa kuwa, da ka fasa ƙwai a kai da ka karya kumallo.

Dariya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Kafin ta kai maƙogwaro Orvin ya taka mini yatsa. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi abu da sauri haka ba. Na sake dubawa, sai na gane yadin. Jar rigar Arne ce mai gida-gida, wadda yake sawa lokacin girbi, da shuɗiyar ta zuwa coci, da kwat ɗinsa na ulu. Har aljihun gaba yana nan da maɓallinsa.

"Bayan jana'iza na ɗinka," in ji Goggo. "Iska na shigowa ta ƙasan tagar nan. Kuma ban ga amfanin rigunan su zauna a akwati ba."

Da ni ne, da tuni na ce, Goggo, kin shaƙe ta. Da kuwa ta cire rigar ta ninke ta sa a ƙasan akwati, ta yi mana kofi, ba za ta ƙara ɗinka komai ba har ta mutu. Na san ta. Orvin ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗauki lokacinsa, har agogon bango ya fara jin kunya.

"Mama, kin tuna hunturun da Baba ya toshe tagogin garke da buhuna?"

"Yaya zan manta? Wai kada shanu su ji sanyi. Bango ya yi ta zufa, 'yan maruƙa suka kama tari. Ni na bi da wuƙa na farke buhunan yana tsaye yana mita."

"Me kika ce masa?"

"Na ce dabba mai rai da murhunta a ciki take yawo. Iska take so, ba..."

Ta tsaya. Orvin ya kama hannunta, ya kai bayan akwatin, ya ɗora a inda fanka ke ta faman hura iska cikin kwat ɗin Arne. Ta bar hannun a wurin. Ta dubi allo, inda zoben ke juyawa har yanzu.

"In ta ji zafi sai ta rage gudu?"

"Don kada ta ƙone. Dabara ce aka yi mata."

"To ta fi ubanka hankali." Ta miƙe. "Delmer, fitar da hannunka ɗaya ka miƙo mini almakashin can. Kai kuma nuna mini duk inda take numfashi."

Ya nuna mata, gaba da baya da gefe guda. Ta yi alama da alli. Ta warware ɗinkin a wuraren, ta cire gidajen yadin ɗaya-ɗaya ba tare da ta ɓata ko guda ba, ta zare audugar da ulun gaba ɗaya, ta bar falle ɗaya. Ta aike ni rumfa na yanko mata ragar taga, ta ɗinka a kan kowace kafa ta daje bakin. Aljihun Arne ya koma sama, inda ba ya tare komai. Mu kuma muka fitar da akwatin waje, Orvin ya buɗe ya hura masa iska. Gashin yadin da ya fito, na rantse da an tara da an yi katifa, da saura na matashi. Ya ce a garejin ya hure ta sau biyu, ɗakin ɗinki ne ke mayar mata.

Lahadi ta kunna ta kafin coci kamar kullum, domin wannan ɗabi'ar ko Orvin bai isa ya cire ba. Da muka dawo ta ce mu zauna a kicin, kada Renae ta ga ƙeyar wani ta ce taimaka mata aka yi. Muka zauna muna cin dankali da nama, ƙofa a buɗe, kunnena ya yi tsawon na jaki.

Ita ta fara kira. Kiran ya yi ta ƙara kafin a ɗauka.

"Mama? Ai lokaci bai yi ba, ko gashina ban taje ba."

"Na gani. Na yi odar maganin tun ɗazu, ga shi a allo in kina son gani. Likita kuma ran Laraba. Ke lafiya kike? Kin daɗe ba ki ɗauka ba, har na fara tunanin ko in nemo miki ɗaki mai taga wajen lambu."

Sai muka ji Renae tana dariya, irin wadda ake yi ana jan hanci.

"Orvin ne?"

"Zafi kwamfutar take ji. Ya gano."

"Zan bugo wa mutanen Fargo gobe," in ji Renae.

Da suka gama Goggo ta fito ta zuba wa kanta kofi. Ta tsaya bayan kujerar ɗanta, ta ɗauke wani zare daga kafaɗarsa.

"Ba laifi," ta ce.

A Ringdal, wanda ya tsamo ka daga rijiya ma abin da ake ce masa ke nan. Kunnuwan Orvin suka yi ja har wuya. Ni kuwa na tashi na yi jawabi a kan cewa jinin gidanmu ne, ta wajen uwa ya gado, wato ta wajenmu, aka ce in zauna abinci na hucewa.

Goggo tana nan a gidanta. An sassauta doka: Orvin na shiga ɗakin ɗinki duk farkon wata ya hure ƙura, bayan an duba farcensa. Ni har yanzu a bakin ƙofa nake tsayawa. Makon jiya na gan ta a garejin da tef ɗin awo a wuya, tana zagaya injin hura iskar garejin, tana tambayar Orvin ta ina wannan yake numfashi. Yana nuna mata, a hankali.